Yatsa Biyu na Katako

Bindigar Baffa Jatau ce, mai baki biyu,
ta iso min Agege naɗe a tabarma,
takardar lasisinta a ninke huɗu.
Baffa dogo ne, ƙofa ma sai ya rusuna mata.
Ni kuwa, turmi ya ɗan fi ni.

Asabar uku ina sammako zuwa Epe.
Akanni na tura kwalekwale cikin kainuwa,
sauro na cin rabonsa a wuyana,
fitilun masunta na mutuwa ɗaya bayan ɗaya.
Kirinjijiya su taso da fito,
in ɗaga, in ja kunama,
ƙara ta tafi har bakin gada ta dawo,
ko gashi guda bai sauko ba.
Akanni ba ya dariya.
Ya dai tauna asuwakinsa, ya ce
agwagin sun fara gaishe ni da suna.

Kafaɗa ta kumbura, kunci ya yi tsami.
Na zargi harsashi, na zargi iska,
har ruwan na zarga da rawa.

Bayan layin dogo akwai rumfar Shekarau,
kafintan da ke gyara ƙota da ƙafar kujera.
Ya ce, "Rufe ido. Kai ta kafaɗa.
To, buɗe."
Na buɗe, sai ga ni ina kallon gefen ƙarfe,
bakinta na duban wani gari daban.
Ya aza gindinta a lanƙwasar hannuna,
yatsana bai ko kai kunama ba.
"Rigar wani ka sa," in ji shi,
"kana tuntuɓe, kana zagin hanya."

Zai yanke yatsa biyu.
Na riƙe hannunsa.
Nan ne inda gumin Baffa ya rina katakon,
shekara talatin na fadama da raɓa,
har wurin ya yi santsi kamar goshin jariri.
Shekarau ya ajiye zarto, bai yi fushi ba.
"Bindiga ya bar maka,
ko tsawonsa?"

Na juya baya. Jirgin ƙasa ya wuce,
amma duk da haka na ji zarton.

Ya bi da magagari a hankali,
ya yanko roba daga tsohuwar tayar danfo
ya lika inda take dukan kafaɗa,
ya ɗora fata ninki biyu inda kunci ke kwanciya,
don ido ya hau daidai kan ƙarfe
ba tare da wuya ya je nemansa ba.
Sau goma sha ɗaya na ɗaga na sauke
kafin ya karɓi kuɗinsa.

A Epe muka kafa kwalin firji jikin kututture,
na ƙirga taku arba'in.
Dalma ta bazu a tsakiya
kamar an watsa wa kaji gero.
Akanni ya sa yatsa a ramukan, ya gyaɗa kai,
sannan ya ba ni nasa, kyauta:
kada in harbi inda take,
wurin ya riga ya zama jiya.
In bi ta, in wuce baki, in ja,
kuma kada hannu ya tsaya don ya ji ƙara.

Gari na fara ja suka taso, su bakwai.
Na farko na kuskure, tsohon hali.
Na biyu kuwa
ta naɗe fukafukai, ta faɗo cikin bado,
ruwan ya buɗe ya rufe.

Biyu muka kawo gida a harbi biyar.
Ba abin kiran maroƙi ba ne.

A motar dawowa, cunkoso ya riƙe mu a Ikorodu,
na sa hannu aljihu neman canji,
sai na taɓo guntun katakon nan.
Har yanzu santsi gare shi.
Yatsa biyu ne cif,
iyakar abin da Baffa ya fi ni
da zarto zai iya aunawa.